Gonar Bakin Rafi

Ina cikin jirgin ƙasa a ƙasar Larabawa inda nake aiki, daga unguwar Al Rigga zan koma gida Al Nahda, sai yayana ya kira ni daga ƙauye. Shi ke noma gonar da mahaifinmu ya bar mana, rabona kuwa shi ne wanda ya dangana da rafi.

"Wasu mutane sun zo," in ji shi. "Za su riƙa biyanmu mu daina noma bakin ruwa, mu shuka itatuwa da ciyawar jema."

"Saboda me, Yaya?"

"Wai ƙasar da muke kaftawa ce ke cike rafin. In an samu inuwa, kifi zai dawo."

Tun da nake ban taɓa jin wanda aka biya don ya bar aiki ba. Kuma muryarsa ta yi mini laushi fiye da yadda na saba.

Washegari a asibitin da nake aikin jinya na ba wata abokiyar aikina labari, 'yar Zangon Kumasi. Ta ajiye kofin shayinta.

"Habibti, ƙawata, kada ki yarda. A garin kakata haka suka zo da fara'a. Daga baya sai ga injinan haƙar zinariya."

Ranar hutuna na sa Yaya ya nuna mini wurin ta bidiyo. Na ga turaku masu jan fenti an jera a gefen ruwa. Na kuma hango sabon babur a gindin tsamiya, sai Yaya ya yi sauri ya kau da wayar.

"Na wa ne wancan?"

"Na maƙwabci ne. Ke dai kin cika bincike."

Sai na kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, na roƙe ta ta riƙa leƙawa ba tare da ya sani ba. Duk Juma'a tana aiko mini da saƙon murya. An dasa kanya da ɗinya. Ba inji, ba baƙuwar mota. Babur dai nasa ne, ya sayar da bijimi ya saya, yana jin nauyin gaya mini. Amma su wa ke biya, kuma me za su samu, ita ma ta ce ba ta gane ba.

Na amince da shekara biyu kawai, na ce wa Yaya ko taki ɗaya ba za a sayar ba.

Bayan damina ta biyu wani ɗan garinmu mai harkar kago, wato jigilar kaya, ya kawo mini ƙulli har Al Nahda. Busasshiyar tarwaɗa ce, Yaya ya ce daga rafinmu take. Na yi miyar kuka da ita, ta yi daɗi ƙwarai. Da na wanke hannu na kira Gwaggo na tambaye ta ko an ga Yaya yana sayen tarwaɗa a layin masu kifi ranar kasuwa.