Ihun da Na Yi a Layin Gasar Gem

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifina yana raye kuma har yau yana auna wake da gero a kasuwar Azare. Kunyar da na ja masa ta isa haka. Ku dai matasa ku saurare ni kamar yadda za ku saurari yayanku.

Iyayena mutanen Yobe ne da suka zauna a Azare tun kafin a haife ni. Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, sai na koma taya Baba a rumfarsa. Da safe ina ɗaura buhu, da yamma ina gidan gem na unguwarmu ina buga ƙwallo a talabijin. A nan kam na iya. Har daga wasu unguwanni ake zuwa a gwada ni. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba a lokacin. Baba yakan bar mini rumfa da aljihun tebur a buɗe ya tafi cin kasuwar ƙauye, hankalinsa kwance.

Wata shekara da bazara wasu samari daga birni suka shirya babban taron 'yan gem a wani ɗakin taro da ke bakin gari. Suka ce za a yi gasa, wanda ya ci za a kai shi ya kara da gwanayen wasu jihohi. Talla ta cika wayoyi. Yara suka taho daga Bulkachuwa, daga Zadawa, daga Gamawa, wasu a bayan motar kaya. Na yanki tikiti, na yi sati ban buga da kowa da wasa ba.

Ranar gasar ina idar da sallar asuba na kama hanya, na tarar layi ya riga ya zagaye katanga. Ƙofa ɗaya ce tak aka buɗe, ita ma ƙaramar. Babu rumfa, babu ruwa, babu wanda zai gaya maka abin da ake ciki. Ƙarti biyu ne da kulake a bakin ƙofar, su bar mutum kaɗan su shiga, su rufe, su koma danna waya. Rana ta take. Muna tsaye muna ganin motoci suna zuwa, 'ya'yan masu hali suna fitowa da sanyin mota a jikinsu, a buɗe musu su wuce. Kafin azahar layi ya daina zama layi, ya zama mai ƙarfi ya danne na gabansa.

Sai bayan la'asar na isa ƙofa, rigata ta jiƙe sharkaf. Na miƙa tikiti. Mai ƙofar ya duba ya ce, "Ai an gama rukuninku tun ɗazu. An kira ka ba ka nan."

Na ce, "Malam, tun safe ina tsaye a gabanka."

Ya ce, "Ni na tsayar da kai? Matsa ka ba mutane wuri."

Na juya zan tafi. A cikin turereniyar nan wayar wani ta zame daga aljihunsa ta faɗo kan ƙafata. Na sa takalmi na take ta. Ina jin mai ita yana tambaya ko wani ya ga waya, na kawar da kai. Na ce wa raina ramuwa ce, an cuce ni na rama. Ban tsaya na tuna cewa mai wayar ba shi ya shirya taron ba. Rana ɗaya ta gasa mu ni da shi.

Wajen sayar da wayar na haɗu da Sale, wani mai karɓar kayan da ba a tambayar asalinsu. Da na ba shi labarin yadda na same ta sai ya yi dariya ya ce, "Kai ka tsinci sana'a ba ka sani ba. Mutumin da ke layi idonsa yana kan ƙofa, ba ya kan aljihunsa." Daga nan na zama ɗan layi. Layin banki, layin gidan mai, cunkoson tasha ranar kasuwa. Da farko na ce ban da layin asibiti. Ba a daɗe ba na same ni a can ma. Kullum ina da hujja: waɗanda suka bar mutane suna shan wahala a rana su ne masu laifi, ni dai na ɗebi rabona ne.

Baba ya ga sabon takalmi a ƙafata ya ce, "Wannan fa?" Na ce gasa na ci. Ya kalle ni, ya sake kallon takalmin. Daga ranar idan zai tafi ƙauye sai ya kulle aljihun tebur ya tafi da makullin. Na ji haushinsa, kamar shi ne ya yi mini laifi.

Da shekara ta zagayo masu taron nan suka dawo, suna rantsuwa cewa sun gyara komai. Muka je muka tarar da ɗakin nan, da ƙofar nan guda, da ƙartin nan, sai dai jama'a ta ninka ta bara. Sale ya zo da yaransa. Shirin shi ne in shiga layi kamar mai gasa, idan mutane sun galabaita ya ɗaga mini hula, ni kuma in yi ihu cewa an buɗe ƙofar baya. Idan aka ruga, kowa ya yi aikinsa.

Wanda na tsaya kusa da shi wani saurayi ne daga Gamawa, sunansa Bukar. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaro, yana dogara sanda. Mutum ne mai yawan hira. Ya ciro ƙuli-ƙuli da ruwan leda daga jakarsa ya raba mana biyu. Na tambaye shi ko ya iya wasan sosai. Ya ce, "Abokina, ni wannan ce kaɗai ƙwallon da nake bugawa. In ban iya ta ba wacce zan iya?"

Da rana ta yi tsaka na ga ƙafarsa mai lafiya tana karkarwa. Wani dattijo da ya rako ɗansa ya kutsa ya roƙi masu ƙofa su bar Bukar ya shiga ya zauna ko a ƙasa ne. Suka ce kowa ya bi layi. A daidai lokacin suka buɗe wa wata mota babbar ƙofa ta shige, suka mayar suka rufe. Bukar ya jingina da katanga ya ce babu komai, ya saba.

Can na hango Sale ya ɗaga hula. Na dubi Bukar, na ce a raina ai yana jikin katanga, ba abin da zai same shi. Na matsa gaba kaɗan, na sa hannu a baki na ƙwala ihu: "An buɗe ƙofar baya."

Ban taɓa ganin mutane sun juya lokaci ɗaya haka ba. Hanyar ƙofar bayan ta jikin katangar take bi, ga kwata a gefe wadda murfinta ya farfashe. Ƙofar bayan kuwa a ɗaure take da sarƙa. Na gaba suka isa suka rasa inda za su, na baya suna ta turowa. Masu kulake suka gudu ciki suka kulle kansu. Ni ina tsakiya ina zare wayoyi ina zurawa a wando, ina jin ana salati, ban waiga ba sai da ƙura ta lafa.

Bukar yana cikin kwata, mutane sun bi ta kansa. Ƙafar damansa, wadda duk rayuwarsa take ɗauke da shi, ta karye har ta juya. A duk wurin babu ma'aikacin jinya ko ɗaya, babu motar ɗaukar mara lafiya. A keke napep aka cusa shi. Ina cikin waɗanda suka ɗaga shi, wayoyin mutane suna zungurina a cinya, shi kuma yana ce mini na gode.

Masu taron ba su ɗauki wanda zai tsara layi ba, amma sun ɗauki mai kyamara ya hau katanga yana ɗaukar yawan jama'a don su yi taƙama. A hotonsa na fito ƙarara, hannu a baki. Washegari bidiyon ya zagaye gari. Wani maƙwabcin rumfa ya nuna wa Baba. Ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya same ni a zaure.

Ya ce, "Muryarka ce?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ka fi so su zo su kama ka a gaban uwarka, ko mu tafi da ƙafarmu?"

Muka tafi ofishin 'yan sanda a ƙasa, yana gaba ina biye, ta tsakiyar kasuwa. Bai ɓoye fuskarsa ba.

A kotu masu taron suka zo da lauya sanye da kwat. Ya ce komai yana tafiya cikin tsari har sai da ɓata-gari suka kawo hargitsi. Ba wanda ya yi maganar ƙofa ɗaya, ko rana, ko sarƙar da ke ƙofar baya. Sale ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Ni kaɗai aka yanke wa hukunci. Su kuwa suka tattara talabijin ɗinsu suka bar Azare, ba su sake dawowa ba, kuma ban ji sun leƙa Bukar a asibiti ba.

Wannan haushin na shiga gidan yari da shi, na daɗe ina tauna shi. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin ƙofa ɗaya. Akwai wani tsoho a ɗakinmu da yake biya mana karatu bayan sallar asuba. Wata rana ya gaji da ni ya ce, "Yaro, na yarda sun zalunce ku. Amma duk wanda ya tsaya a wurin nan ya sha ranar da ka sha. Mutum nawa ne suka yi ihu?" Na yi kwanaki ba na yi masa magana, domin ya ƙwace mini abin da nake fakewa da shi. Bayan nan ne na fara tuba ta gaskiya, ba irin ta gaban alƙali ba.

Damina biyu ta wuce ni a ciki. Da aka sake ni ban yi sati ba na hau mota zuwa Gamawa. Na sami Bukar a ƙofar shagon yayansa yana yi wa mutane cajin waya. Babu sanda yanzu, a keken guragu yake. Ƙafar ba ta ɗoru daidai ba. Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa. Ya bari sai da na gama.

Ya ce, "Na yafe maka tun ina asibiti, don in samu in yi barci. Abu ɗaya ne yake dawo mini. Muna tare tun safe. Da ka ce mini in matsa gefe kafin ka yi ihun, da na matsa. Ko tambayarka dalili ba zan yi ba."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To ka gaida gida. Amma don Allah kada ka sake zuwa."

Yanzu ina dako a kasuwa, ina yi wa Baba da maƙwabtansa ɗaukar buhu. Har yau idan na ga an tara jama'a a rana an bar su da ƙofa ɗaya raina yana ɓaci, kuma ina da gaskiyar ɓacin ran. Duk wanda zai kira mutane taro a cikinku, ya tanadi inuwa da ruwa da hanyar fita kafin ya buga talla, ya kuma fara shigar da mai rauni. Amma ku da za ku tsaya a layin, ga abin da na biya da tsada kafin na sani. Za a wulaƙanta ku, za a shigar da wanda bai kai ku ba kuna kallo. Ku yi magana, ku kai ƙara, ko ku koma gida da haushinku ku kwana da shi. Kada ku sauke shi a kan na kusa da ku, domin shi ne kaɗai hannunku zai kai gare shi, kuma shi bai yi muku komai ba. Idan kuka ji zuciyarku tana ce muku ramuwa ce, ku tambaye ta a kan wa.

Bukar ya ce kada in koma, kuma ban koma ba. Shi ne kaɗai abin da ya taɓa roƙona, shi ne kuma kaɗai abin da ya rage da zan iya yi masa.