Batirin Ba-Komai

A shekarar da guguwa ta yaye rufin ɗakin karatu na makarantar mishan, aka mai da ajin koyon tafireta bayan ɗakin ajiya, a nan Akawu ya fara haɗuwa da Ba-Komai. Lokacin ba a soma kiransa Akawu ba, amma alamu sun nuna: riga a goge, fensir a fiƙe, farce a yanke. Ɗayan kuwa dogon yaro ne mai dariya da dukan baki. In aka ce ya makara, ya ce ba komai. In aka ce tawada ta ɓata masa wando, ya ce ba komai, har sunan ya danne na yanka.

Fada, limamin mishan mai koya musu, yana da doka guda: duk Asabar kowa ya buɗe tafiretarsa, ya share ta da buroshi, ya ɗiga mata mai, ya mai da kowace ƙusa ramin da ya ciro ta. Akawu ya riƙe dokar kamar aya. Ba-Komai kuwa iska yake hura wa tasa da baki, ya rufe, ya tafi ƙwallo.

Ranar jarrabawar ƙarshe abin ya kama shi. Harafin "a" na tafiretarsa ya cije, in ya tashi ba ya komawa sai an janyo shi da yatsa. Akawu ya ga zufa ta keto wa abokinsa. Kafin mai jarrabawa ya juyo, ya tashi ya koma kujerar Ba-Komai, ya tura shi kan tasa mai sulɓi kamar an shafa mata man shanu. Ya ɗauka hannunsa zai iya lallaɓa gurguwar. Ya lallaɓa ta kuwa, amma a hankali. Ba-Komai ya zo na ɗaya, babban kamfanin sufuri ya ɗauke shi. Akawu ya zo can ƙasa, ya ƙare a wani ƙaramin ofis mai taga ɗaya, inda ya yi aiki har gashinsa ya yi fari.

Ba-Komai bai taɓa ta da zancen ba. Ko sau ɗaya. Akawu ma bai tayar ba, don ba a tarbiyyar da shi da gori ba, amma yana jira, kuma jiran ya tsufa tare da shi.

Haka rayuwar Ba-Komai ta yi ta tafiya, kamar ruwa a gangare. Ya yi ta mantuwa da makullin ofis, aka yi ta ƙara masa girma. Da ya bar aiki ya buɗe shagon buga wa mutane takardu kusa da gidan waya, shago mai ƙura da kujera mai ƙafa uku, amma kullum cike, don mutane suna zuwa su ji dariyarsa ko ba su da abin bugawa. Ba ya ƙin kowa, ba ya riƙe magana, rabin masu zuwa kuma kyauta yake yi musu. Akawu ba ƙinsa yake yi ba. Abin da ke cin ransa shi ne, wani ya yi rawa ya sami tukuici, wani ya yi irinta ya sha duka.

Daga baya ɗan Ba-Komai ya auri 'yar Akawu, abokai suka zama surukai. Aiki ya kai yaran ƙasa mai nisa, suka haifi yarinya mai surutu da ake ce wa Aku. Don kada kakanni su zama baƙi a wurinta, suka aiko da laftof biyu iri ɗaya, launi ɗaya, ɗaya ga kowane tsoho. Duk Lahadi da yamma sai su kira, Aku ta cika allon da fuskarta.

A nan ne karo na farko Akawu ya ji ya sha gaba. Shi ke da labarai masu kai da gindi. Yana ba Aku labarin wata akuya da ta shiga ofis neman aiki, kowane mako da ci gabansa, yarinyar kuwa har tsalle take yi.

Sai wata rana laftof ɗin ta ce tana son sabunta manhajarta. Akawu ya karanta bayanin daga farko har ƙarshe, ya danna amincewa. Tun daga ranar batirin ya lalace. Muddin akwai wuta lafiya lau, amma da an ɗauke, kafin ka ce me, allo ya yi baƙi. Unguwarsa kuwa da yamma aka fi ɗauke wuta. Akuya tana bakin ƙofar manaja, sai duhu. Mako na gaba ta buɗe baki za ta yi magana, sai duhu.

Na Ba-Komai ma ya kamu da ciwon, amma layinsu ɗaya da asibiti, wuta ba ta cika yankewa ba. Yaran suka koma kiran can in na nan ya katse. Wata Lahadi Akawu ya daure ya je gidan surukinsa don ya ƙarasa labarin, ya tarar Ba-Komai ya riga ya ƙarasa shi, ya ba akuyar aikin manaja gaba ɗaya, Aku tana ta ƙyaƙyatawa. Da ta hango shi a bayan kafaɗar ɗayan, ta ce, "La, ga Kaka mai ɓacewa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. A hanyar gida bai amsa gaisuwar kowa ba.

Ba a jima ba surukin nasa ya zo da albishir: kamfanin ya amsa cewa sabuntawar ce ta illata batiran wasu laftof, kuma duk wanda tasa ta cancanta za a sa masa sabo kyauta. Suka tafi tare. Akawu ya nannaɗe tasa cikin tawul mai tsabta, Ba-Komai ya saƙala tasa a hammata, da zoben kofin shayi a bayanta.

Wata budurwa ce a kan kanta. Ta juya ta Ba-Komai, ta duba lambarta, ta goge ƙura da gefen hannu, ta ce ta cancanta. Ta juya ta Akawu, ta yaba tsabtarta. Ta nuna masa wata 'yar takarda mai danƙo da aka liƙe kan ƙusa ɗaya, ta ga an tsaga ta daidai tsakiya, tsaf, da reza.

"Baba, wa ya buɗe ta?"

Ya ce shi ne, duk Asabar. Ya bayyana mata yadda yake share ƙurar fankar da buroshi, yadda yake jera ƙusoshin kan farin ƙyalle don kada su cakuɗe. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ta ce lambarta tana cikin waɗanda suka cancanta, amma sharaɗin shi ne kada a taɓa buɗe ta a waje da wurinsu. Hatimin ya tsage, ba yadda za ta yi.

"Wato wanda ya kula da tasa shi ne mai laifi, 'yata?"

Ta ce ba haka take nufi ba. Ba-Komai ya dafa kafaɗarsa, ya buɗe baki, Akawu ya riga shi: "In ka ce min ba komai, a nan za mu rabu." Ba-Komai ya rufe bakinsa. Tun da suke, ranar ce kaɗai aka ga kalmar ta maƙale masa.

Akawu ya hana matarsa Malama ta gaya wa yaran. Ya ce shi ba zai roƙi 'yarsa batir ba, kuma ba zai sake zuwa gidan wani ya leƙa jikarsa ta bayan kafaɗa ba. Malama ta ce girman kai rawanin tsiya ne, ya ce ya ji, a bar shi da rawaninsa. Lahadi biyu suka wuce, ana kira, ana ɗauke wuta, yana zaune yana kallon fuskarsa a baƙin allo.

Wata Asabar ya dawo daga asibitin ido, Malama ta ce surukinsa ya zo, ya ari ƙaramar sukundirebarsa, ya ɗan zauna a falo ya sha shayi ya tafi. Akawu ya yi tsaki, ya ce sukundireba kam ta tafi ke nan. Idonsa na ɗauke da magani, bai yi sharar ranar ba.

Washegari aka kira. Ya ce wa Aku manajancin da aka ba akuya mafarki ne ta yi, yanzu ta farka. Yana cikin bayani fanka ta tsaya, fitila ta mutu. Ya zuba wa laftof ido yana jiran duhu. Allon bai ko ƙifta ba.

"Kaka, ci gaba mana. Yau ba ka ɓace ba."

Ya ci gaba. Ya kai akuyar har gaban manaja, ta yi jarrabawa, ta cinye takardar, yarinyar ta yi dariya har uwarta ta leƙo. Da aka gama ya juya laftof ɗin. Ƙusa biyu a karkace, kan ɗaya ya ƙuje, rami guda babu komai a ciki. Ya san hannun da ya yi wannan aikin ko cikin dubu.

Da safe ya tafi shagon kusa da gidan waya. Laftof ɗin Ba-Komai tana kan tebur, ɗaure da waya a bango kamar tunkiya a turke, hatiminta a yage kaca-kaca. Sabon batirinta yana can cikin ta Akawu. Cikin farantin kofin shayi ga 'yar ƙusa guda tana ƙyalli. Akawu ya tsaya a kanta. Ko wannan ma, ya ce a ransa, mutumin nan bai iya yin sa da kyau ba, amma shi ya yi.

"Ka bar min rami babu ƙusa."

"Na ga ta yi yawa ne," in ji Ba-Komai, bai ɗago daga takardar da yake bugawa ba. Can ya ce, "Wai Akawu, harafin nan da ya cije, da wane yatsa ka riƙa janyo shi?"

Akawu ya dubi hannunsa. Sannan ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsansa na hagu. Ya ɗauki ƙusar ya nannaɗe ta a hankici, ya jawo kujerar nan mai ƙafa uku, ya zauna.