Gidan Da Malam Yusha'u Yake Tsallakewa

Shekara ashirin da shida Malam Yusha'u ya yi yana gyaran keken ɗinki a Tudun Wada. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, kullum yana ƙanshin man keke. Teloli daga Gyallesu har Dutsen Abba wurinsa suke zuwa. Kirista ne, haka ma iyayensa, kuma shi ne shugaban mawaƙa a cocinsu. Talata da Alhamis yana koyar da waƙa, Asabar yana taron kwamiti, Lahadi kuwa sai ya halarci sujada biyu a coci kafin ya dawo gida. In ana maganar masu himma a coci, da sunansa ake farawa.

Wata Laraba da hantsi, yana tsakiyar kwance wani keke, sai sukundireba ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Maƙwabcinsa Alhaji Kailani mai sayar da yadi shi ya sa shi a mota zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jikinsa na dama. Ya yi sati uku a kwance. Da aka sallame shi magana ta dawo da nauyi, amma muryar waƙa ba ta dawo ba.

Daga baya ya sha faɗa cewa ba hannun ne ya fi ba shi tsoro ba. Lahadin farko da matarsa Rifkatu ta tafi coci ta bar shi a ɗaki, ya rufe ido zai yi addu'a, sai ya rasa abin faɗi. A lokacin ya gane duk addu'o'in da ya saba yi a gaban jama'a yake yin su. Shi da Allah su kaɗai, bai san ta inda zai fara ba. Da Rifkatu ta dawo ta tarar da shi yana hawaye, ya gaya mata.

Washegari da sassafe, bayan ta ɗora ruwa a wuta, ta jawo kujera kusa da shi ta karanta masa aya ɗaya daga Maganar Allah, ta rufe littafin.

Ya ce, "Shi ke nan? Ki ƙarasa surar mana."

Ta ce, "Malam, wannan ta ishe ka yini. Ka riƙe ta tukuna."

Haka suka ci gaba. Ta karanta aya, shi kuma ya zauna shiru yana juya ta a zuciya har ruwan ya tafasa. Da farko hankalinsa shago yake gudu. Akwai ranakun da yake juya mata baya ya ce ba ya so, ita kuwa sai ta karanta abinta ta tashi.

Likita ya ce dole ya riƙa tafiya kullum. Ya samu sanda, ya fara takawa daga ƙofar gidansu zuwa famfon da ke ƙarshen layi. Gida goma sha huɗu ne a tsakani, kuma ƙafar ba ta barinsa ya wuce ƙofa ɗaya bai huta ba. Tun da tsayuwar ta zama dole, sai ya fara yi wa mutanen kowane gida addu'a a ransa. A ƙofar Alhaji Kailani ya ambaci 'yarsa Surayya da ke shirin jarrabawa. A ƙofar Inna Kulu, tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana ta fita, ya roƙa mata sauƙi. Bai ware Musulmi da Kirista ba, kuma ban da Rifkatu ba wanda ya sani. Mutane sun ɗauka hutawa kawai yake yi.

Gida ɗaya ne ba ya tsayawa. Na Nagoda ne, mutumin da shi Malam Yusha'u ya koya wa waƙa tun yana saurayi, wanda kuma aka ba shugabancin mawaƙa bayan ciwon. Wata takwas ke nan Nagoda bai leƙo ya gaishe shi ba, alhali layinsu ɗaya. In ya iso ƙofar sai ya cije leɓe ya ja ƙafa ya wuce, ko da numfashi na neman ɗauke masa.

Wata rana Rifkatu ta ce, "Malam, na ga akwai ƙofar da kake tsallakewa."

Ya ce, "Rifkatu, ki bar ni da wannan."

Ta bar shi. Lokacin azumin kafin bikin Ista ya zo, likita ya yarda ya riƙa yi zuwa tsakar rana kawai saboda magani. A cikin kwanakin nan ayar safe ta faɗo kan gafara. Ya ce ta rufe littafin. Kwana uku bai fita tafiya ba, bai kuma iya addu'ar komai ba. A rana ta huɗu ya ɗauki sanda, ya tsaya a ƙofar Nagoda. Sunan kawai ya iya ambata a gaban Allah, ya wuce. Washegari ya sake, haka kuma kullum.

A rana ta tara Nagoda ya turo babur zai tafi aiki, suka yi ido huɗu. Ya jingine babur ɗin ya durƙusa a bakin kwata.

Ya ce, "Baba, na zo asibiti washegarin ranar da aka kwantar da kai. Na tsaya a ƙofar ɗakin, na hango bakinka ya karkace kamar na mahaifina kafin ya rasu. Na kasa shiga. Daga nan kullum sai in ce gobe, kunya kuma tana ƙaruwa."

Malam Yusha'u ya daɗe kafin harshensa ya ba shi dama. Ya ce, "Ni kuma na zaci murna kake yi da kujerata. Wata takwas ina riƙe da kai a zuciya. Ka yafe mini."

Nagoda ya fashe da kuka. Mai ruwa da ke wucewa da kurarsa ya tsaya yana kallonsu, sannan ya yi gaba.

Hannun bai warke ba har yau, kuma shagon wani ne a ciki yanzu. A coci Malam Yusha'u kujerar baya yake zama, kusa da ƙofa. Bara fasto ya roƙe shi ya tsaya gaban jama'a ya yi koyarwa a kan addu'a. Ya ce a yi masa haƙuri, amma duk mai so ya zo gidansa ƙarfe shida da rabi na safe. Mutum biyar suka zo a satin farko. Yanzu saura ɗaya, wata malamar firamare mai suna Hanatu da mijinta ya rasu. Takan zauna da su har ruwa ya tafasa, sannan ta tafi makaranta.