Tafiyar Wanke Sunan Yanke-Kai

Taman Melati, 6:15 na safe

Ina idar da sallar asuba na fito, gari bai waye ba, da kyamarar kakana a jakar goyo, nauyinta kamar dutsen guga. Kakan nawa, Malam Sule, ya yi wa wani ofishin wayar da kan manoma aikin ɗaukar majigi tun yana saurayi. A zamanin sai an tura fim Ingila a wanke, ya yi watanni kafin ya dawo. Da nasa ya dawo aka haska, duk wanda ya ɗauka daga kusa ba shi da kai. Aka sallame shi, gari ya laƙaba masa Yanke-kai, kuma mu jikoki mun fi kowa yayata sunan. Daga baya ya sayi kyamarar da ya yi aikin da ita a gwanjo. Ranar da zan taho karatu nan ƙasar waje ya cusa min ita ya ce, "Amarya, an ce can suna gane ciwon ƙarfe. Ki tambayo min, ni ne ko ita ce."

Shekara biyu tana ƙarƙashin gadona. Da aka ce ƙafafunsa sun fara kumbura, kunya ta kore ni daga ɗaki.

Chow Kit, 7:20

Jirgin ƙasa na farko ya sauke ni a Dang Wangi, na taka na minti biyar na hau ƙaramin jirgin da ke bi ta saman titi. Kasuwa ta riga ta cika, ƙarnin kifi ko'ina. Na karya da gurasar roti da shayi a wani mamak, wato shagon abinci, ringgit huɗu, ina jiran wani tsoho mai gyaran agogo ya buɗe. Ƙarfe tara ya iso, ya juya kyamarar, ya murɗa hannunta. Ta yi ƙurrr na wajen daƙiƙa talatin ta tsaya.

"Wani ake mata kamar agogo, wannan ɓangaren ƙalau yake," in ji shi. "Gilashi kuwa tak boleh, ba aikina ba ne. Ki je Bukit Jalil wurin Uncle Lim, ya yi aiki a gidan fim."

Ya rubuta min kwatance a bayan kwalin batir.

Bukit Jalil, 11:40

Na canza jirgi a Titiwangsa, tafiyar ta ci kusan minti arba'in. Maigadin benen da Uncle Lim yake ya leƙa jakata ya ce ko injin niƙa ne, muka yi dariya ya bar ni na hau hawa na tara. Uncle Lim tsoho ne tukuf, siriri, kuma bai bar ni na buɗe baki ba sai da ya ce, "Makan tukuna lah," wato in ci abinci tukuna. Ayaba da ruwan zafi ya ajiye min.

Sannan ya yi min karatu. Gilasai uku ne a gaba a kan faifai, ana juya wanda ake so. Amma tagar da mai ɗauka ke leƙawa tana sama da gilashin, don haka abin da ido ya gani daban, abin da fim ya kama daban. Daga nesa ba a lura, daga kusa kuwa ido na ganin hula, gilashi na kallon wuya. Sai daga baya irin masu madubi a ciki suka yaɗu, mutum ya riƙa gani ta cikin gilashin kansa.

"To da can fa?" na tambaya.

Ya nuna min wani ɗan maɓalli da ake murɗawa gwargwadon nisa, ya sunkuyar da tagar. Ya murɗa, tagar ko gezau. Ya sa tabarau ya duba kusoshin: fentin kamfani na nan a kansu, ba a taɓa kwance su ba. Ya ce in ɗauki hotonsu da wayata, sannan ya kwance. Gurbin ɗan ƙarfen da ke tura tagar fayau yake, ko alamar gogayya babu.

"Haka ta fito daga kamfani," ya ce. "Ko ni aka ba, kawunan zan yanke."

Daɗi da kunya suka rufe ni lokaci guda.

Masjid Jamek, 4:00 na yamma

Nan na tsaya canjin jirgi na yi sallah, na jira tara na safe ta yi a gida, na kira Kaka.

"Angona, ita ce. Ba kai ba ne."

Sai na ji ya ɗaga murya.

"Sake faɗa, a buɗe murya kawunnanki su ji."

Na maimaita tiryan-tiryan. Ya ce, "Ni kaina na yarda idona ne, amarya. Tun ranar ban sake ɗaukar kowa hoto ba, ko a waya."

Taman Melati, 5:30

Ina hawa matakalar gidanmu saƙo ya shigo. Hoto ne na tsakar gidanmu na Zariya, mutum goma sha ɗaya a jere, kowa da kansa, har da ɗaurin ɗankwalin Inna. Babban yatsan Kaka ya rufe kusurwa ɗaya. Na zauna a matakala na yi kukana, na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa tsofaffin nan biyu. Sannan na rubuta wa 'yan'uwana jikoki cewa daga yau duk wanda ya sake kiran sunan nan, da ni zai yi.