Ruwan Zoɓon da Ya Raba Ni da Aiki

Ban taɓa ganin teku ba sa'ad da na fara koyar da shi. Ina ƙaramin malamin kimiyya a wata sakandare a Boɗinga, zamanin tsuke bakin aljihu, ɗakin gwaje-gwajenmu ba komai sai kwalabe da gizo-gizo. Darasin kuwa na iskar nan ce da muke fitarwa in mun numfasa, wadda ke cikin hayaƙi, yadda take narkewa a ruwa ta sa shi tsami. Na yi ta surutu a gaban allo, yara na kallona kamar ina Larabci.

Dabara ta zo mini a tsakar gidanmu. Na ga innata ta jefa kanwa a ruwan zoɓo, jan ya koma kore-kore. Na ɗebi kaɗan, na tsarma shi, na zare ruwan biro na dinga hurawa ta bututun har kaina ya yi jiri. A hankali launin ya fara komawa ja. Tsami ya shiga, da numfashina kawai! Haka teku ke shan iskar, in tsamin ya yi yawa har ɓawon katantanwar ruwa ya kan yi rauni.

Mutum ɗaya na nuna wa: abokin aikina, ɗan wajen garin Shagari, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya, nake goya shi a babur kullum. Ya yi dariya ya ce na zama mai sayar da zoɓo.

Bayan sojoji sun karɓi mulki aka fara rage ma'aikata. Aka ce malaman kimiyya biyu sun yi yawa, masu duba makarantu za su kalli darasin kowa, a bar ɗaya. Shi aka sa da safe, ni bayan hutun ƙarfe tara.

Ina wucewa ta tagar ajinsa na ji tafi. Na leƙa. Ga shi da kwalba a hannu, kumatu a kumbure, yana hurawa. Har maganar katantanwar bai bari ba. Na shiga nawa ajin da kwalbata, na yi abin da aka riga aka gani. Babban masu dubawar ya ce, "Malam, kwaikwayo ba laifi ba ne, amma a riƙa faɗin mai abu."

Raina ya ɓaci. Da aka tashi na tare shi gindin darbejiya.

"Mi na yi maka?"

"Ka yi hanƙuri," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ɗiya gare ni. Kai ko ba ka aje iyali ba."

Ya san sarai an sa ranar aurena, shi ne ma babban aboki. Takardar sallama ta zo, iyayen yarinyar suka ce a dakata tukuna. Har yau ba su ce a ci gaba ba.