Ƙunshi da Baƙin Allo

Ana gobe suna ne. 'Yata ta fari ta zo wankan jego gidanmu a Madabo, mai ƙunshi ta gama ɗaure mata hannu biyu da leda ke nan, sai wayarta ta yi ƙara. Ni na kara mata a kunne. Daga wurin aikinta ne. Wai babbar kwamfutarsu ta tsaya, ita kaɗai ta san kanta, in ba ta gyara daga gida ba za a turo mota ta ɗauke ta bayan la'asar. Mai jego, ɗanyen jiki, kwana shida!

Ta ce, "Umma, kwance min hannu."

Na ce, "Lallen da ko kamawa bai fara ba? Ke, ni ma fa na yi yaƙi da jahilci. Faɗa in rubuta."

Ta yi dariya har da riƙe ciki da gwiwar hannu, amma ta yarda. Na ɗora kwamfutarta a cinya. Allon baƙi ƙirin, ba hoto, sai ɗan farin layi yana ƙiftawa. Ta ce sai mun fara buɗe abin da suke kira VPN, wai kamar ƙofar nan ce ta tsakaninmu da maƙwabta, wadda mata ke bi ba sai sun fita lungu ba.

Tana faɗar baƙaƙen ɗaya ɗaya, ina farautarsu da yatsa guda. Su ba a jere suke ba yadda malamarmu ta koya mana. Layi ɗaya ya ci mana lokaci fiye da dahuwar shinkafa.

Da aka zo kalmar sirri, ta raɗa min a kunne. Na danna, ban ga komai ba. Na ce a raina ban danna da ƙarfi ba ne, na maimaita a ɓoye. Ya ƙi mu. Muka sake, na sake maimaitawa, ya sake ƙi.

"Umma, sau nawa kike dannawa?"

"Ai ba ya fitowa."

"Wayyo Umma! Haka yake, ɓoyewa yake yi. Saura sau ɗaya ya kulle ni."

Na janye hannuna daga kan baƙaƙen. Mu an koya mana abin da ka rubuta sai ka gan shi. Ta matso ta ɗora haɓarta a kafaɗata, abin da kunyar 'yar fari ba ta taɓa bari mun yi ba, ta ce in daina kallon allon, in kalli yatsana kawai. Na yi bisimilla. Harafi goma sha ɗaya, kowanne sau ɗaya.

Rubutu ya yi ta zubowa, sannan ya tsaya. Ta ce, "Mun shiga." Sauran layi biyu ne kacal, kwamfutarsu ta tashi.

Na sake kara mata waya, ta ce musu kada a turo kowa. Sai jaririyar ta farka, ga uwar ba hannu, na ture kwamfutar na ɗauko ta.