Murɗi Bakwai

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garinmu Malanville ba. Dogo a Paraku ya tsaya, daga can sai manyan motoci. Amma a gidanmu akwai jirgi tun kafin a haife ni: ɗan kan jirgi na gwangwani, baƙi, mai jajayen ƙafafu, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kakata Hajo ce ke ajiye shi cikin kwallarta, makullinsa kuma yana ɗaure a bakin zanenta. Kakanmu ne ya kawo mata shi lokacin da yake yi wa wani Bature kuku a Paraku. Iyakar abin da muka sani ke nan game da mutumin.

Bayan magariba, in ta gama tuyar ƙosai, wutar murhu ta koma garwashi, sai mu jikoki mu haɗa mata guntayen dogon jirgin su zama da'ira a kan tabarma. Ita ke murɗa makullin, tana ƙirgawa a fili.

"Bakwai aka yi mai," takan ce da ni, don ni take tsokana da sunan maigida. "Kak ka ga shina gudu ka ce ƙarhi gare shi. Tsoho na, kamar matakka."

Tana sakinsa take buɗe baki: "Ga ta tahe, ku ba ta hanya." Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta jirgi guda ce. Wani masunci ne ya ceci ɗiyar aljanar ruwa daga cikin taru, uwar ta ba shi kwalekwale mai tafiya ba filafili. Ta ce ya buga gefensa sau uku, zai kai shi Gaya ta tsallaken kogi ya dawo da shi. Ya yi ta yin haka, gidansa bai rasa kifi ba. Ran nan ya ji ana labarin inda kogi ke faɗawa teku, sai ya ce wa matarsa ta ɗora tukunya yana zuwa, ya buga sau huɗu. Kwalekwale ya wuce Gaya, ya wuce garuruwan da bai san sunansu ba...

Daidai nan jirgin ke fara jan ƙafa, ya tsaya. "Ya tsaya, bakina ya tsaya," in ji ta. "Ku tashi."

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na yi lissafi irin na ɗan shekara tara: in jirgi ya ƙara gudu, tatsuniya za ta ƙara tsawo, mu ji ko masunci ya dawo. Wata rana tana alwala ta ajiye makullin a kan turmi. Na murɗa bakwai, na ƙara uku. A na goma sha ɗaya wani abu ya ce ƙas a ciki, makullin ya riƙa juyawa a banza.

Ba ta doke ni ba. Ta ɗauki jirgin ta kara a kunne, ta girgiza, ta mayar da shi kwalla. "Maigida, kai ma ka ƙara," ta ce. Ta ci gaba da yi mana wasu tatsuniyoyin har ta rasu, amma ta masunci ba mu sake jin ta ba.

Yanzu gyaran agogo da rediyo nake yi a bakin kasuwa, kuma ina tara irin waɗannan jiragen. Direbobin Kwatano sun san ni, in sun ga ɗaya cikin kayan gwanjo sai su kawo mini. Shida gare ni. A cikin na huɗu na sami naɗaɗɗen ƙarfen da ya dace da na Kaka, na sa masa. Ranar na kai wa gwaggona Rabi, autar Kaka, na tambaye ta ko ta san ƙarshen labarin masunci.

Ta daɗe tana kallon jirgin yana zagaya tabarma. "Wane ƙarshe?" ta ce. "Babanmu yak kawo wanga, yak koma Paraku, anka gan shi ya hau jirgin Kwatano. Ina goye sa'annan. Inda ka ji ta tsaya, nan saninta yat tsaya."

Na ji kunya, irin wadda ban ji ba ranar da na karya shi. Shekaru ina zaton rowar ƙarshen take yi mana, ashe ita ma jiransa take yi.

Sauran jiragen nakan bar yaran unguwa su murɗa yadda suka ga dama. Na Kaka ni kaɗai ke taɓa shi, kuma bakwai nake yi masa.